Fumfunar Ƙasa da Ruɓewar Leda da Roba

1.0 Gabatarwa

Duk shekara idan rani ya yi nisa, manoman ƙasar Tambuwal da Kebbe sukan shiga aikin kai taki gona. Ana kwashe kashin dabbobi daga turke, a haɗa da toka da sharar gida daga juji, a loda wa jaki a mangala ko a zuba cikin amalanken shanu, a kai a jibge tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Al'ada ce tsohuwa, kuma da ita aka daɗe ana raya jigawar da ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Sai dai wanda ya tsaya a kan tsibin taki a yau zai ga abin da magabata ba su sani ba: baƙar ledar cefane, ledar fiya-wata, tsumman buhun takin zamani, da ɓallin bokiti. Damina za ta zo ta wuce, tsibin ya narke ya koma ƙasa, amma ledar tana nan daram, garma tana tono ta shekara bayan shekara.

A 'yan shekarun nan kafofin watsa labarai sun sha kawo rahoton cewa an gano wata fumfuna mai cin roba. Wannan babi zai duba gaskiyar maganar: mece ce fumfuna, ta yaya take ruɓar da abu, wace irin roba take iya taɓawa, kuma wane rabo manomin Dogon Daji ko na Kuchi yake da shi a cikin wannan bincike. Za a kuma lura da kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage, domin wani ɓangare na ruɗanin daga kalmomin ya taso.

1.1 Ma'anar Fumfuna

Bahaushe ya san fumfuna tun ba yau ba. Ita ce furfurar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko koren gari da ke rufe burodi da takalmin fata a tsakiyar damina. Ya kuma san naman kaza da laimar kwaɗi da ke tsirowa a gindin kututture bayan an yi ruwa, ya san burtuntuna da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, ya san ƙyasfi a jikin mutum, ya san yisti a wurin mai burodi. Abin da bai yi ba shi ne tara su ƙarƙashin suna ɗaya. Masana kimiyyar halittu kuwa sun tabbatar da cewa duk dangi ɗaya ne, rukuni mai zaman kansa wanda ba tsiro ba ne, ba kuma dabba ba. Saboda haka a wannan babi an faɗaɗa ma'anar kalmar fumfuna ta game rukunin baki ɗaya. Faɗaɗa ma'ana hanya ce sananniya ta samar da kalmomin fannu, kuma ta fi aro sauƙin karɓuwa idan har akwai kalmar gida da ta kusanci abin da ake nufi.

Jikin fumfuna zare ne siriri wanda ido ba ya iya ganin sili ɗaya daga cikinsa. Zaren yana ratsa ƙasa yana rassa kamar yanar gizo. Naman kaza da ake gani a sarari 'ya'ya ne kawai, masu fitar da ƙurar iri. Uwar jikin tana ƙarƙashin ƙasa. Fumfuna ba ta da baki, ba ta da ciki. Idan za ta ci abinci, sai ta tsattsafo da wasu sinadarai da ake kira inzayim a kan abin, su narkar da shi a waje, sannan ta tsotse romon. Da wannan dabara ce ita da ƙwayoyin bakteriya suke mayar da kara da ganye da kashin dabbobi taki. Gara tana taimakawa wajen farfasa kara, amma ƙarasa aikin na waɗannan ƙananan halittu ne.

1.2 Leda da Roba

Kalmomin nan biyu na aro ne daga Ingilishi, kuma dukkansu sun baro ma'anarsu ta asali. Leda ta samo asali daga kalmar da ke nufin jemammiyar fata, roba kuwa daga sunan ƙaron itacen da ake yin taya da shi. Fata da ƙaron itace daga halittu suka fito, don haka ƙasa tana iya cin su ko da a hankali ne. Abin da Bahaushe yake kira leda da roba a yau kuwa daga man fetur da iskar gas ake ƙera shi. Sunan ya zo daga abu mai ruɓewa, ya sauka a kan abin da ba ya ruɓewa.

Roba ba iri ɗaya ba ce, kuma sai an rarrabe ta kafin a fahimci sauran bayani. Baƙar leda da ledar fiya-wata daga foliyetilin ake yin su. Buhun takin zamani da tabarmar roba da yawancin kujerun roba daga folifurofilin suke. Gorar ruwa da ta lemo kuwa wata roba ce da ake taƙaita sunanta da PET, bututun ruwa kuma PVC. Katifar soso da tafin wasu takalma daga foliyuretan ake yin su. Dukkansu dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari da aka jera dubbai a layi ɗaya, kamar 'ya'yan carbi.

Tarihinsu gajere ne. A 1907 Leo Baekeland ya ƙera robar farko da ba ta da tushe a jikin tsiro ko dabba. A 1933 aka gano foliyetilin a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila, ledar cefane mai hannu biyu kuma wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965. Ruwan leda ya bazu a garuruwan Nijeriya a shekarun 1990. Wani nazari da Roland Geyer da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan miliyan 8,300, kuma tan miliyan 6,300 daga ciki sun riga sun zama shara. Daga sharar, kashi 9 cikin 100 ne aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a juji ko warwatse a doron ƙasa da cikin ruwa.

1.3 Yadda Fumfuna ke Ruɓar da Roba

Mahauci idan zai raba ƙafar sa, ba ya sarar tsakiyar ƙashi matuƙar ya ga gaɓa. Haka inzayim yake. Sarƙoƙin da ke cikin kara da ganye suna da gaɓoɓi inda ƙwayar iskar oksijin ta haɗa ƙulli da ƙulli, kuma a nan inzayim yake sa ruwa ya tsinka sarƙar. Robar PET da wani nau'i na foliyuretan suna da irin waɗannan gaɓoɓi, masu kama da na kakin da ke lulluɓe da fatar ganye. Fumfunar da ke cutar da tsiro ta daɗe da mallakar inzayim mai huda wannan kaki, wanda ake kira kutines, don haka idan ta gamu da robar sai makamin nata ya yi aiki a kanta gwargwado. Ba wai fumfuna ta koyi cin roba ba ne. Ta dai tarar da abin da ya yi kama da tsohon abincinta.

Foliyetilin da folifurofilin kuwa ba su da gaɓa. Ƙwayoyin kabon ne zalla riƙe da juna daga farkon sarƙa zuwa ƙarshenta, kuma sarƙoƙin a wurare da dama sun jeru sun matse ta yadda inzayim ba ya samun kafar shiga. Bugu da ƙari, ruwa ba ya kama jikin leda, fumfuna kuwa ba ta aiki sai da danshi. Kafin ta iya yin wani abu, sai hasken rana da zafi sun fara sa iskar oksijin ta shiga sarƙar ta karya ta nan da can. Wannan ne dalilin da ya sa ledar da ta daɗe a kan ƙaya take kodewa, ta yi tauri, ta riƙa tsagewa da an taɓa ta.

A nan ne wata fumfuna ta daban take shigowa, wato mai ruɓar da itace. Wanda ya taɓa fasa tsohon kututture ya tarar da cikinsa ya yi fari ya yi laushi kamar soso, aikinta ya gani. Sinadarin da ke ba itace tauri, wanda ake kira lignin, ba shi da tsararrun gaɓoɓi, saboda haka wannan fumfuna ba ta neman gaɓa. Tana fitar da inzayim irin su lakkes da feroksides, waɗanda ke ƙona sarƙa da oksijin a duk inda suka same ta. Su ne masana suka fi sa wa ido a kan batun leda.

Idan komai ya daidaita, aikin yana tafiya ne daki-daki. Zaren fumfuna ya manne a jikin robar, ya bi tsagar da rana ta yi, ya faɗaɗa ta. Inzayim ya datse dogayen sarƙoƙi su zama gajeru. Gajerun da suka isa shiga cikin zaren, fumfuna ta tsotse su. A ƙarshe ta yi amfani da su wajen gina jikinta da samun ƙarfi, ta fitar da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Sai an kai wannan mataki na ƙarshe ne za a ce roba ta ruɓe.

1.4 Abin da Bincike ya Gano

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a 1968 Darby da Kaplan a Amurka suka nuna cewa fumfuna tana lalata foliyuretan, kuma nau'in da ke da gaɓoɓin da aka ambata ya fi saurin lalacewa. A lokacin damuwar masana ita ce yadda za a kare kaya daga fumfuna, ba yadda za a sa ta cinye shara ba.

A 2011 ɗaliban Jami'ar Yale da malaminsu Scott Strobel suka buga sakamakon bincike a kan wata fumfuna mai suna Pestalotiopsis microspora, wadda suka samo a jikin tsirran dajin Amazon a ƙasar Ekwado. Sun nuna tana iya rayuwa da foliyuretan kaɗai a matsayin abinci, har a inda babu iskar oksijin. A 2017 kuma Sehroon Khan da abokan aikinsa suka ba da rahoton Aspergillus tubingensis, wadda suka ɗebo daga ƙasar wani juji a birnin Islamabad na Fakistan. A cikin ruwan gwaji, ta ragargaza siririn fallen foliyuretan cikin kimanin wata biyu. Waɗannan biyu su ne aka fi yayatawa, kuma ɗalibi ya lura cewa dukkansu a kan foliyuretan ne, ba a kan ledar cefane ba.

A kan robar da ba ta da gaɓa, sakamakon ya sha bamban. A 2023 masana a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada Aspergillus terreus da Engyodontium album, waɗanda ake samu a ƙasa da jikin tsirrai, a kan folifurofilin. Robar ta ragu da kashi 21 cikin 100 a kwana 30, da kashi 25 zuwa 27 a kwana 90, amma fa sai da aka fara gasa ta da zafi, ko haske mai ƙarfi, ko wani sinadari. A wannan shekara dai wasu masana a Suwizalan suka gwada bakteriya iri 19 da fumfuna iri 15 daga tsaunukan Alps da yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Da yawansu sun ci foliyuretan da wasu robobi da aka ƙera domin su ruɓe, amma babu ko ɗaya da ta taɓa foliyetilin bayan kwana 126. A 2024 cibiyar binciken teku ta ƙasar Holan ta nuna cewa wata fumfunar teku, Parengyodontium album, tana mayar da foliyetilin iska da kimanin kashi ɗaya cikin 2,000 a kowace rana, shi ma sai wanda haske ya fara dukansa.

Wannan bincike na ƙarshe yana da daraja ta musamman saboda hanyar awonsa. Yawancin gwaje-gwaje suna auna nauyin leda ne kafin da bayan an sa mata fumfuna. Amma leda tana ɗauke da rini da wasu sinadaran da ake ƙara mata don ta yi laushi, kuma fumfuna tana iya lashe waɗannan ta bar uwar sarƙar, nauyi ya ragu a ɗauka an ci nasara. Masanan Holan kuwa sun yi amfani da ledar da aka yi wa ƙwayoyin kabon ɗinta alama, sannan suka nemi alamar a cikin iskar da fumfunar ta fitar. Duk rahoton da bai kai ga irin wannan hujja ba, a karɓe shi da taka-tsantsan.

1.5 Ruɓewa da Marmashewa

Hausa tana da kalmomi biyu da ya kamata malami ya raba su a gaban ɗalibansa. Ruɓewa ita ce abu ya sauya zati, kamar yadda ganye yake komawa ƙasa har a rasa inda yake. Marmashewa kuwa ita ce abu ya farfashe ƙanana-ƙanana alhali zatinsa bai sauya ba, kamar busasshen burodi. Abin da ke samun leda a gona mafi yawa marmashewa ne. Manomi zai ce ƙasa ta cinye ta domin ya daina ganin ta, alhali ta koma ɓurɓushi ne ta gauraya da rairayi. Masana suna kiran duk guntun da bai kai milimita 5 ba ɓurɓushin roba, kuma tun daga 2004, lokacin da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ya jawo hankali gare shi, ake ta samun sa a ruwa da ƙasa da cikin kifi.

Mai fassara da ya ci karo da rubutun da ke jikin wata leda mai da'awar ruɓewa da kanta, shi ma ya yi hattara. A 2019 Imogen Napper da Thompson suka buga sakamakon wani gwaji inda suka binne irin waɗannan ledoji. Bayan shekara uku an tono wasu daga cikinsu, aka zuba musu kayan cefane, suka ɗauka ba su yage ba.

1.6 Yanayin Tambuwal da Kebbe

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da dubu 220 a ƙaramar hukumar Tambuwal, da fiye da dubu 120 a ta Kebbe, mafi yawansu manoma da makiyaya. Abin da a da ake ƙunshewa a ganyen kalgo, ko a zuba a ƙwarya da ƙoƙo da kwandon kaba, yanzu a leda ake sayar da shi, tun daga ƙuli-ƙuli da mai da gishiri har zuwa koko da fura. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, don haka sharar matafiya ma tana ƙaruwa a kan ta mazauna. Ledar ba ta tsaya a juji ba. Tana toshe magudanar ruwa, tana hana saiwa da ruwa ratsa ƙasa a inda ta taru, kuma mahauta sun saba fito da dunƙulenta daga tumbin awaki da tumaki da shanu, bayan dabbar ta rame a tsaye mai ita bai san dalili ba.

An ga cewa ruɓewar leda tana buƙatar abu biyu a jere: rana ta fara karya ta, sannan fumfuna ta same ta da danshi. Wannan yanki yana da duka biyun, amma ba a lokaci ɗaya ba, ba kuma a wuri ɗaya ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, rana tana gasa ledar da ke sarari, amma saman ƙasa ya bushe ƙurmus, fumfuna ta koma ƙurar iri tana jiran ruwa. Yawancin fumfuna sun fi bunƙasa ne a tsakanin digiri 25 zuwa 30 tare da laima. Damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Ledar da garma ta binne ta samu danshi amma ta rasa rana. Wadda ta maƙale a ƙaya ta samu rana ta rasa danshi, kuma kafin ruwa ya sauka iskar bazara ta riga ta watsa ɓurɓushinta. Wurin da ya fi dacewa da fumfuna shi ne fadama, kamar ta gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Kebbe, da tsofaffin jujin gari inda toka da kashin dabbobi ke riƙe laima. Duk mai neman fumfunar gida da za a gwada a kan leda, can ya kamata ya fara ɗiban ƙasa, kamar yadda aka yi a Islamabad.

Wani zai ce, me zai hana a yi kiwon irin wannan fumfuna a watsa ta a gonaki? Amsar tana cikin rumbu. Dangin Aspergillus da ake yabo a kan roba su ne kuma suka fi damun amfanin gona a wannan yanki. Aspergillus flavus ita ke sa dafin afalatoksin a gyaɗa da masara, dafin da aka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, wanda kuma yake haddasa ciwon dajin hanta. Aspergillus niger, 'yar uwar wadda aka samo a Fakistan ta kusa, ita ce baƙin garin da ke ruɓar da albasa a ajiya, abin da manoman Aliero da maƙwabtansu suka sani sarai. Ba a hana sakin fumfuna a gona ba idan an tantance ta. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta yi hakan da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014: nau'o'in Aspergillus flavus marasa dafi ne ake shafa wa gasasshiyar dawa a watsa a gona, su rinjayi masu dafin. Amma an shafe shekaru ana gwaji kafin a kai ga haka. Shi ya sa masana da dama suka karkata ga ciro inzayim ɗin kaɗai a yi aiki da shi cikin tankunan masana'anta, inda za a iya daidaita zafi da danshi.

Hukumomi kuwa sun fi bin hanyar rage ledar tun daga tushe. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Jamhuriyar Nijar ta kafa doka a kanta a 2014, Jihar Legas kuma ta fara da haramta mazubin abinci na soson roba a 2024. A matakin gona, abin da ke hannun manomi shi ne tsince leda daga taki tun a bakin juji kafin a loda wa jaki, domin tsintar ta a tsibi ɗaya ta fi sauƙi a kan bin ta kunya-kunya bayan an yi huɗa. 'Yan gwangwan suna sayen roba mai tauri irin ta bokiti da kujera, a niƙa a sake narkarwa. Baƙar leda ce ba ta da nauyin da zai biya wahalar tara ta, ita ce kuma ake yawan hura wuta da ita, hayaƙin yana komawa ƙirjin mai girki.

1.7 Aikin Jinga

A farkon damina, ɗalibi ya haƙa ramuka huɗu masu zurfin taƙi ɗaya a wuri mai laima. Ya binne ganyen kalgo a na farko, takarda a na biyu, sabuwar baƙar leda a na uku, da ledar da rana ta riga ta kodar a na huɗu. Bayan kwana 60 ya tone su, ya rubuta rahoton shafi biyu cikin daidaitacciyar Hausa, yana mai bambanta abin da ya ruɓe da abin da ya marmashe. Ya kuma tambayi dattawan garinsu sunayen da suke kiran ire-iren fumfuna da naman kaza a karin harshensu, ya kawo su aji tare da bayanin inda kowanne yake fitowa.